Ranar Da Goma Ta Riga Biyu

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce idan ban faɗi yadda aka ƙare da Baba ba za ta daina gaishe ni. To ku gyara zama. Amma saboda waɗanda yau suka fara shigowa, bari in ɗan koma baya.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana, har a asibitin yara inda nake aikin jinya sunan ya bi ni. Akwai wanda yake nemana da aure, mai rubuta manhajar kwamfuta ne. Yayata ta sa masa suna Malam Idan, saboda ba ya iya amsa tambaya sai ya kafa mata sharaɗi. Ki ce masa, "Za ka zo gobe?" sai ya ce, "Idan an gama gwaji da wuri zan zo, idan ba a gama ba zan kira ki." Ranar da na yi sabon ɗinki na tambaye shi ko na yi kyau, cewa ya yi, "Idan aka kwatanta da wace ranar?" Sai da na yi fushi na haƙura don kaina, shi bai ma san an yi ba. Amma ina son shi, wannan ba zan ɓoye muku ba. Bai taɓa cewa zai zo ya ƙi zuwa ba, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko irin ƙaramar nan da ake yi don a faranta wa mace rai.

Matsalar ita ce Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Baba mataimakin shugaban makarantar sakandare ne, shi ke kula da ladabtar da ɗalibai, kuma aikin nan har gida yake biyo shi. Idan kofi ya fashe a kicin, kafin a ɗauko tsintsiya za ku ji muryarsa daga falo: "Wa ya yi?" Da wannan tambayar muka girma. Da Mama ta kai masa maganar Malam Idan, abin da ya ce kawai shi ne, "Bari in gan shi cikin mutane tukuna." A gefe guda kuma ga Gwaggo, yayar Baba, da nata ɗan takarar, ɗan wata ƙawarta mai sayar da motoci. Duk zuwan da za ta yi sai ta nuna mini hotonsa a waya, kullum yana jingine da wata motar daban.

"Mutum ya wuni yana magana da inji," in ji Gwaggo, "ina zai iya magana da surukai?"

Sai ga Baba ya yi ritaya, muka shirya masa ɗan taro a gida, dangi da abokan aikinsa. Mama ta ce a gayyato Malam Idan. Kowa ya san abin da gayyatar take nufi, har shi.

Ni na kawo shawarar a nuna tsofaffin hotunan Baba a talabijin. Na zazzage akwatin Mama na ƙarƙashin gado, na zaɓi hotuna kusan arba'in, na ɗauke su da wayata ɗaya bayan ɗaya a bakin taga inda haske ya fi kyau, na zuba a laftof ɗin Yaya. Na sa musu lamba bi da bi: 1, 2, 3, har ƙarshe. Na ɗaya shi ne wanda kowa ya sani a danginmu, Baba da Mama a ƙofar kwaleji tun kafin aure, tsakaninsu tazarar da mota za ta iya wucewa. Na biyu Baba a kan kekensa da uban gashi. Na uku ranar aurensu. A laftof suka jeru tsaf kamar ɗaliban Baba a layin safe, na kwafe su a filashi na jefa a jaka.

Ana gobe taron, ina tsaka da guga, saƙon Malam Idan ya shigo.

"Kin gama da hotunan?"

"Tuntuni."

"Kin gwada su a talabijin ɗin?"

"Na duba komai, ranka ya daɗe."

Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ga shi: "To." Daga baya ya ƙara da: "Wace riga zan sa? Idan fara ce zan yi kama da mai neman aiki. Idan shuɗiya ce, an ce tana ƙara mini tsawo, kuma Baba bai kai ni tsawo ba."

Na yi dariya har na kusa ƙona mayafina. Na ce ya sa shuɗiyar.

Ranar taron gidanmu ya cika. An fitar da teburin tsakiya, an jera kujerun roba a bayan na falo, an ɗaure labule don iska ta shigo. Mama ta sa doguwar riga ruwan toka mai aikin zare a wuya, ta fito da 'yan kunnen da ba ta sawa sai da dalili. Ni kuwa ruwan zuma na sa, da mayafi mai ɗan duhu, da takalmin da na san zai cije ni amma na ce ya cija. Yaya tana ta kai da kawo da faranti, shinkafa da kaza da lemo mai sanyi, ga kek a kan firij an hana yaranta zuwa kusa. Gwaggo ta kama kujerar da ta fi kowace kusa da talabijin, ta ajiye jakarta a ta kusa da ita.

Malam Idan ya iso ana gama cin abinci, shuɗiyar rigar ta sha guga har tana ƙyalli. Ya rusuna ya gaishe da Baba, ya bi manya ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba. Gwaggo ta amsa masa tana kallon wayarta. Na miƙa masa filashi.

"Bari in gwada kafin a fara," ya ce a hankali.

"Mutane sun zauna. Kai dai saka kawai."

Ya dube ni, ya dubi falon da ya cika, ya zagaya bayan talabijin ya saka.

Na tsaya a gefe da wayata, inda na rubuta abin da zan ce a kan kowane hoto. Na farko ya fito, falo ya ɗauki dariya. Wani tsohon abokin aikin Baba, malamin lissafi mai farin gemu, ya ce ko a filin jarrabawa ba a raba ɗalibai haka. Na ce, "Wannan kafin aure ne, lokacin Baba yana neman Mama, ko kallonta ba ya iya yi." Aka ƙara dariya, har Baba ya murmusa. Kaina ya ɗan kumbura, ban ko ɗaga ido ba na ce, "Sai ga abin da ya biyo baya." Na yi wa Malam Idan alama ya danna rimot.

Na ji falon ya yi tsit. Na ɗaga kai ina tsammanin ganin keke da gashi, sai na ga Mama a gadon asibiti, rungume da jaririya. Hoto na goma ne, ranar da aka haifi Yaya.

Wani ya yi tari. Wata daga baya ta ƙunshe dariya. Na ce, "A'a, ba wannan ba, wuce." Ya danna: Baba ɗauke da Yaya. Ya sake dannawa: Yaya tana rarrafe. Aka yi ta tafiya har aka haifi ɗan'uwanmu, aka haife ni, sannan kwatsam ga Baba saurayi a kan keke, bayansa kuma ga mu nan da kayan makaranta.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo, da muryar da ta tabbatar ta kai kujerun baya. "Yara uku, har yanzu ba mu ga ranar aure ba. Ashe akwai tarihin gidan nan da ba a ba mu ba."

Wasu suka yi dariya don sun ɗauka wasa ne, kuma rabinsa wasan ne. Amma tsakanin Mama da Gwaggo akwai tsohuwar tsama da ba a taɓa zama an warware ba, kuma a gaban abokan aikin mijinta aka faɗi maganar. Na ga Mama ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta da babu abin da ya same shi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga takalmi yana cizona, ga gumi yana bin bayana.

Baba ya ɗaga hannu, Malam Idan ya tsayar da hotunan. Fuskar nan ta ofis ta dawo, wadda ɗalibai ke hangowa su canza hanya.

"Wa ya yi?"

Gwaggo ta riga kowa. "Ai ga mai inji nan a tsaye da rimot a hannu."

Jama'a, a nan gabana ya faɗi, kuma ba don kaina kaɗai ba. Na san mutumin nan ba ya ƙarya. Idan ya ce ni ce, ya faɗi gaskiya, amma Baba zai ga namijin da ya tura mace gaba a cikin taro. Idan ya ce shi ne ya jera su, ya yi ƙarya, kuma Baba ya ƙare rayuwarsa yana gane mai ƙarya tun kafin ya rufe baki. 

Malam Idan ya ajiye rimot, ya matso ya rusuna kusa da kujerar Baba.

"Baba, a ba ni izini in faɗi abin da ya faru, sannan in gyara."

"Ina jinka."

"Talabijin ɗin nan bai san lamba ba. Sunan hoto yake karantawa, harafi bayan harafi, kamar yadda ake jera sunaye a rajistar aji. A rajista duk mai sunan da ya fara da A sai ya shiga kafin a zo kan B, ko da shi ne ƙaramin ajin."

"Haka ne," in ji Baba.

"To shi ma haka ya yi. Ya ga goma ta fara da ɗaya, sha ɗaya ma ta fara da ɗaya, har zuwa sha tara. Sai ya kwashe su duka ya sa a bayan hoto na ɗaya, kafin ya waiwayi biyu. Bayan biyu zai kawo ashirin da 'yan'uwanta. Ranar aure ita ce ta uku, tana nan, layi ne bai zo kanta ba." Ya juya wajen Mama. "Mama, ki yi haƙuri. Hotunan daidai aka jera su, injin ne bai iya ƙirga ba."

Malamin lissafi ya buga cinya yana dariya. "Wato a wurinsa goma ta riga biyu. Na koyar da irinsa da yawa."

Falon ya ɗan saki. Amma Baba bai saki ba.

"Na ji yadda aka yi. Tambayata ita ce wa ya sa lambobin."

"Wanda ya sa su ya sa su yadda kowane mai hankali zai sa, Baba, ɗaya, biyu, uku. A laftof ma daidai suke fitowa, don ita an koya mata ta gane lamba. Ba yadda za a yi mutum ya san talabijin zai yi daban sai in aikinsa ne. Ni aikina ne. Na san ba a yarda da abu sai an gwada shi a inda zai yi aiki, kuma na saka ban gwada ba. Wannan nawa ne."

"Ba ka amsa ni ba."

"Ban amsa ba, Baba." Sai ya ci gaba: "A wurin aikinmu idan abu ya lalace, muna zama mu rubuta yadda aka yi, amma doka ce ba a sa sunan kowa. Ƙofar da kuskuren ya bi ya shigo muke nema mu rufe. Idan aka kama mutum ɗaya aka hukunta, ƙofar tana nan a buɗe, gobe wani zai bi ta, kuma shi zai ɓoye don ya ga abin da aka yi wa na farko. Idan ka ce lallai sai na faɗa, ba zan yi maka ƙarya ba. Roƙo nake yi kada ka ce."

Ban taɓa jin wanda ya yi wa Baba irin wannan maganar ba, ko a cikin malamai. Yaya ta tsaya cak a ƙofar kicin da faranti a hannu. Gwaggo ta ce, "Kun ji ko? Tun yanzu ana mayar maka da magana." Baba bai kalle ta ba, idonsa yana kan Malam Idan, ya daɗe a haka.

Malamin lissafi ne ya sake shiga. "Ka tuna tagar ajin ƙarshe, wadda ke kallon filin ƙwallo? Kowane zango sai ta fashe, kowane zango sai ka kamo yaro."

"Kuma duk wanda na kamo shi ya fasa," in ji Baba.

"Ƙwarai. Sai da sabon mai gadi ya zo ya matsar da ragar gefe, ka ƙara jin ta fashe?"

Baba ya shafa haɓarsa. Bai yi dariya ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce da Malam Idan, "Gyaran zai daɗe?"

"Idan Yaya ta ara mini laftof, kafin a yanka kek an gama."

Ya zauna a kan kujerar roba da laftof a cinya, Baba da kansa ya jawo kujera kusa yana leƙe. Ina jinsu. Wai sifiri kawai za a sa a gaban lambobi tara na farko, ɗaya ta zama 01, biyu ta zama 02, don kowane suna ya zama harafi biyu, sai injin ya daina ruɗewa. Baba ya ce, "Sifirin da ba shi da daraja?" Malam Idan ya ce, "A lissafi ba ya ƙara komai, Baba, amma shi ke tsayar da kowa a layinsa." Bai bi su ɗaya bayan ɗaya ba, wani ɗan layi ya rubuta a baƙin allo ya danna, duk suka canza lokaci guda. Sannan ya saka a talabijin, ya juya fuskar talabijin ɗin bango, ya bi hotunan tun daga farko har ƙarshe shi kaɗai kafin ya yarda a juyo da shi.

Da aka zo hoto na uku, Mama cikin fararen kaya, Baba a gefenta ya ƙame kamar an kira shi gaban hukuma, malamin lissafi ya fara tafi, kowa ya ɗauka. Mama ta rufe fuska tana dariya, ta ce a wuce, a wuce. Baba ya ce a bar shi tukuna. Gwaggo ma ta ce ita ta zaɓo mayafin, kuma har yau ba a yi irinsa ba.

Kafin magariba baƙi suka watse. Malam Idan ya taya aka tattara kujeru, ya yi sallama da kowa. Baba ya amsa masa da "Madalla, a gaida gida," ba ƙari. Na cire takalmin nan na jefa bayan ƙofa, ina kwashe kofuna, sai Baba ya kira ni. Yana zaune shi kaɗai a falo, talabijin a kashe, Mama tana ɗaki tana cire 'yan kunne amma ƙofar a buɗe take.

Na durƙusa. "Baba, maganar lambobin nan, ni ce na..."

"Na tambaye ki?"

Tun da nake, ban taɓa kawo wa Baba mai laifi ya ƙi karɓa ba.

"A bakin tagar can kika wuni kina ɗaukar hotuna, ina zaune a nan," ya ce. "Ba sunan nake nema ba. So nake in ga abin da zai yi da shi." Ya ɗauki rimot ya juya shi a hannu ya ajiye. "Bai ba ni ke ba, kuma bai yi mini ƙarya ba. Na yi zaton dole ya yi ɗaya."

Daga ɗaki Mama ta ce, "To sai ka faɗa mata mana, ka bar yarinya a durƙushe."

"Ki ce masa ina son ganin mahaifinsa. Su zaɓi ranar da ta yi musu."

Ban san lokacin da hawaye ya zo ba. Daɗi ne, tsantsarsa, irin wanda ke sa mutum ya rasa inda zai sa hannunsa. Na ce na gode, na tashi na yi kicin da gudu, Yaya ta rungume ni da hannu duk kumfar sabulu. Sai da na goge fuska na duba wayata, na ga saƙonsa ya jima da shigowa.

"Ban tafi ba, ina cikin mota a bakin layi. Na san na yi wa Baba gardama a gaban baƙinsa. Idan ya ce a'a, ki faɗa mini kai tsaye, kada ki tausasa. Idan bai ce komai ba, zan jira."

Na karanta wa Yaya. Ta ce, "Sharaɗi biyu ya kawo, ya manta na uku."

Na fara rubuta masa amsa, sai na goge. Wannan ba maganar waya ba ce, ina son in ga fuskarsa. Na zura silifas ɗin Mama, na ja mayafi, na tsaya gaban madubin baranda ina koyon ɗaure fuska, Yaya tana bayana tana cewa in rage murmushin ko ya gane tun daga nesa. Na buɗe ƙofar gida. Motarsa tana can ƙarƙashin bishiyar bakin layi, yana hango ni ya fito ya tsaya, ya sa hannu a aljihu ya cire, ya sake sawa.

Na taka a hankali har gabansa, na ce, "Baba ya ba ni saƙo."